Darasi: Tattalin wuta a cikin gida

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, a da mace tana samun itace a bayan gari. Yau sai ta yi tafiya mai nisa, ko maigida ya saya da tsada. Daji ya ragu, mutane sun ƙaru. In itatuwa suka ƙare, iska ta kwashe ƙasar gona, hatsi ya ragu.

Murhu

Murhun duwatsu 3 yana ɓarnar itace, don iska tana kwashe zafin wuta. Murhun laka ya fi. Ana gina shi da yumɓu da kashin jaki da ƙaiƙayi, daidai girman tukunya. Akwai kuma murhun ƙarfe Mai Sauƙi da maƙera ke yi. Ƴan'uwa mata, ku sa busasshen itace. Ku rufe tukunya. Ku jiƙa wake tun dare. In an gama tuwo, a kashe bakin wuta da ƙasa, a aje don gobe.

Gas

Tun shekarar 2011 matatar SORAZ ta jihar Damagaram take fid da gas na dahuwa. Ƙaramar kwalba tana ɗaukar kilo 6. Gas ba ya hayaƙi, amma yana son hankali. Ku shirya kayan miya kafin ku kunna. In tukunya ta tafasa, ku rage wuta. Kwalba a tsaye ake aje ta, nesa da yara. In kun ji warin gas, kada ku ƙyasta ashana. Ku rufe kwalba, ku buɗe ƙofa.

Kuran

Wanda NIGELEC ya sa wa kuran, abin da kwantar ta ƙidaya shi zai biya. Tsohon ƙwan fitila mai wat 60, in ya kwana 30 yana ci awa 5 kowane dare, ya sha kilowat 9. Sabon ƙwai na LED mai wat 10 kilowat 1 da rabi zai sha, haske kuwa kusan ɗaya ne. Ku kashe fitilar ɗakin da ba kowa. Ku aje takardun biya wuri ɗaya.

Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Wanda ya sare itace 1, ya dasa 2.

Tambayoyi

1. Don mi murhun laka ya fi na duwatsu 3?
2. Mi za ku yi in kun ji warin gas?
3. Wani gida yana sayen itacen dala 40 kullum. Da murhun laka ya koma dala 25. Dala nawa suka rage a kwana 30?