Yadda Ake Fitar da Wakilan Taron Fidda Gwani

Malam mai sauraronmu daga Tofa, ka tambaya yadda jam'iyya ke fitar da wakilan da za su je babban taro su tsayar da ɗan takarar shugaban ƙasa. To, a 2022 al'amarin daga mazaɓa ya faro, domin a mazaɓu irin Lambu da Langel 'yan jam'iyya suka haɗu suka zaɓi wakilan mazaɓa, su kuma waɗannan, a tsarin PDP, suka taru a ƙaramar hukuma suka fitar da mutum guda da zai tafi Abuja da amanarsu. Ita kuwa APC a shekarar wakilai 3 ta ba kowace ƙaramar hukuma, Tofa da sauran 43 na Kano duk bai ɗaya. Kuma da yake sashe na 84 na Dokar Zaɓe ta shekarar ya taƙaita ƙuri'a ga zaɓaɓɓun wakilai, sai gwamnoni da sanatoci suka zauna ba su da ƙuri'a. Abin da ke damuna, Malam, shi ne sau da yawa da sunan maslaha manya ke rubuta sunayen wakilan tun kafin jama'ar mazaɓa su hallara.