Aikin Malamin Zaɓe a Rumfar Ƙuri'a

Nijeriya tana da ƙananan hukumomi 774. Bisa tsarin mulkin 1999, hukumar zaɓen kowace jiha ce take gudanar da zaɓensu. Na Abuja kuwa, hukumar zaɓe ta ƙasa.

Idan an ɗauke ka malamin zaɓe, ka sani akasarin rigima wajen ƙirge take tasowa. Kafin a fara, buɗe akwati kowa ya ga ba kome ciki, sa'an nan ka rufe. In an gama, ƙirga nan cikin rumfar, da babbar murya, gaban wakilan jam'iyyu, kana ware lalatattun ƙuri'u. Ko ɗan'uwanka ne ya faɗi, abin da ka ƙirga shi za ka rubuta. Sa hannu, wakilai su sa nasu, ka ba kowannensu kofe tun ba a watse ba.