DARASI: ME YA SA KARATUN ISLAMIYYA BA YA BIN YARANMU GIDA?

Bismillahir Rahmanir Rahim.

'Yan uwa, darasinmu na yau na malaman Islamiyya ne da iyayen yara, kuma ni ne farkon wanda ya shafa.

Kwanakin baya an roƙe ni in taya sa ido a jarrabawar ƙarshen zango a wata Islamiyya. Ana cikin rubuta Hadisi sai na ga wani yaro, bai fi shekara 13 ba, yana ta leƙen hannun rigarsa. Na ce miƙo. Ya miƙo 'yar takarda a ninke. Ina buɗewa, me zan gani? Hadisi na 2 ne na Arba'una, hadisin Mala'ika Jibrilu, wanda yake koya wa bawa cewa Allah Yana ganinsa ko da shi ba ya ganin Allah. Wallahi sai da jikina ya yi sanyi. Satar amsa, da wannan hadisin!

Da aka tashi na ja shi gefe na tambaye shi dalili. Ya ce, "Malam, Babanmu ya ce in ban zo na ɗaya zuwa na uku ba zan gamu da shi. Kuma malaminmu bulala biyar yake yi wa duk wanda ya faɗi." Nan na gane laifin ba nasa ba ne shi kaɗai. Mu muka nuna masa maki ake nema. Ga abubuwa huɗu da nake so mu duba.

1. MAGABATA DA LADABI SUKA FARA

An ruwaito cewa Imamu Malik yana ƙarami mahaifiyarsa ta shirya shi, ta naɗa masa rawani, ta tura shi wurin malaminsa Rabi'a, ta yi masa wasiyya ya fara ɗaukar ladabin malamin kafin iliminsa.

Ba ma sai mun je nesa ba. Ɗauko Ahalarin da ke jakar ɗanka. Kafin malamin ya shiga tsarki da alwala, sai da ya fara da gyaran imani, da tuba, da mayar wa mutane haƙƙinsu, da tsare harshe daga ƙarya da giba da annamimanci, da zaɓen abokin zama. To mu fa? Gudu muke yi a wannan shafin don mu isa farillan alwala, saboda su ne ake iya tambaya a jarrabawa: kawo guda bakwai, ka ci maki bakwai. Shi ya sa za ka ga yarinya ta lissafo su tsaf, amma ana tashi ita ce mai kai gulma daga wannan aji zuwa wancan.

2. YARO DA IDO YAKE KARATU

Anas ɗan Malik (R.A) ya yi wa Manzon Allah (S.A.W) hidima shekara 10, ya shiga gidan yana yaro, kuma ya ba da shaida cewa ko tsaki bai taɓa ji daga gare shi ba. Bukhari da Muslim sun ruwaito. Haka Abu Dawud ya ruwaito labarin Abdullahi ɗan Amir (R.A): yana ƙarami mahaifiyarsa ta kira shi da alkawarin za ta ba shi wani abu, Annabi (S.A.W) ya tambaye ta me za ta ba shi, ta ce dabino. Ya sanar da ita cewa da ba ta ba shi komai ba, da an rubuta mata ƙarya.

Yanzu mu auna kanmu. Malam ya ce duk wanda ya haddace Tabaraka yana da kyauta, yara sun haddace, kyauta shiru. Malam yana dukan 'yan makara, shi kuma sai huɗu da rabi yake shigowa. Yana biya hadisin kyakkyawan hali, yana kiran yaro jaki. An ba yara hadda, shi yana kan waya. Me kake zaton suka ɗauka? Malam, ka koma Suratus Saffi, aya ta 2 da ta 3, ka ga yadda Allah Ya yi tir da mai faɗin abin da ba ya aikatawa.

3. BULALA TANA KAWO SHIRU, BA TA KAWO TSORON ALLAH

Wasu za su ce, ai Malam mu ma da duka muka yi karatu. To ku saurara. Ibnu Sahnun, malamin Malikiyya na Ƙairawan da ya rasu a shekara ta 256 bayan Hijira, ya rubuta littafi kan ladubban malamai, ya taƙaita bulala a kan karatu zuwa uku, ya kuma hana malami duka don huce haushinsa. Ibnu Khaldun a Muƙaddima ya yi bayani cewa tsananta wa mai koyo yana kashe masa kuzari, ya koya masa ƙarya da yaudara, don kullum dabarar kuɓuta yake nema. Ashe ba abin da ya faru da yaron nan ba ke nan?

Ko hadisin sallah da muke kafa hujja da shi, umarni ya zo a shekara 7, horo sai a 10. Ku lissafa: shekara 3, sau biyar kullum, tunatarwa sama da 5,000 ke nan kafin a ɗaga hannu. Waye a cikinmu ya cika wannan? Kuma da Umar ɗan Abu Salama (R.A) yana yaro hannunsa na yawo a akushi, a nan take Annabi (S.A.W) ya koya masa bisimilla da cin abinci da dama da cin na gabansa, cikin taushi. Ya ce tun ranar bai sake cin abinci ta wata hanya ba.

4. GIDA SHI NE BABBAN AJI

Iyaye, yawancin Islamiyyunmu na yamma awa 2 ne, Asabar zuwa Laraba. Awa 10 ke nan cikin awa 168 na mako. Sauran fa? Malam ya koyar da gaskiya da la'asar, da magariba mai bin bashi ya yi sallama ka ce, "Je ka ce ba na nan." Hajiya, kin san kuɗin ankon walima, amma kin san sunan malamar 'yarki? Kuɗin boko ana biya kan kari, na Islamiyya sai an koro yaro. Yaro ba wawa ba ne, ya san wanne kuka ɗauka da muhimmanci.

TO MENE NE ABIN YI?

Kowane mako a ɗauki hali ɗaya, misali gaskiya ko riƙon amana, a karanta dalilinsa ranar Asabar, ranar Laraba a tambayi yara ina suka aikata shi. A takardar sakamako a ware gurbin hali, malami ya rubuta abin da ya gani da idonsa. Ranar rabon kyauta, wanda ya tsinci kuɗi ya mayar a kira shi gaba kamar yadda ake kiran na ɗaya. Yaron da ya amsa laifinsa da kansa a sassauta masa, don ya ga gaskiya ba ta cutar da shi ba. Hukumar makaranta kuma ta duba halin malami kafin muryarsa, ta kuma biya shi haƙƙinsa a kan lokaci.

Shi yaron nan, na roƙa aka sake yi masa jarrabawar da baki. Abin da ya iya ya kawo, wanda bai iya ba ya ce bai sani ba. Na tara ya zo. Na je har gida na ce wa mahaifinsa, "Alhaji, wannan na taran halal ne, ka sa masa albarka." Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce a kira masa yaron.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya yafe mana gazawarmu a kansu, Ya saka wa malamanmu da alheri. Wanda ya karanta ya tura wa malamin 'ya'yansa, amma ya fara karanta na huɗun sau biyu.

Wassalamu alaikum.