Amsoshin Tambayoyinku: Bargon Ƙyallaye a Garin Zafi

TAMBAYA: Duk ɗinkin sallah sai tela ya dawo mini da ragowar atamfa, har jaka ta cika. Na ga a waya yadda matan Amurka ke harhaɗa ƙyallaye su yi bargo. Ina so in koya don ɗebe kewa, amma ba ni da keken ɗinki. Zai yiwu? Daga wata mai karatu, Jambutu, Jimeta.

AMSA: Zai yiwu ƙwarai. Allura da zare da almakashi mai kaifi sun ishe ki, keke sauri kawai yake ƙarawa. Aikin ma ba baƙo ba ne a wurinmu. Ki lura da lifidin dawakai a hawan sallah: yadi ne biyu aka cusa wa auduga a tsakiya, aka bi da ɗinki layi-layi don kada ta tattaru waje guda.

Sai dai kada ki kwaikwayi na Amurka sak. Su don ƙanƙara suke yi, shi ya sa suke shimfiɗa auduga mai kauri a ciki. Ke kuwa a Jimeta kike, inda zafi kan haura digiri 40 a watannin Maris da Afrilu, sanyin hunturun ma bai cika wuce Disamba da Janairu ba. Bargo mai kauri zai shekara a cikin akwati ne kawai. Na fi son ki bi hanyar matan Bangladesh da gabashin Indiya, masu zafi irin namu. Tsofaffin zannuwansu suke jerawa biyu ko uku, su bi da ɗinkin hannu, ba auduga ko kaɗan. Suna kiransa kantha.

Kafin ki taɓa almakashi, ki wanke ƙyallayen duka. Nan ne masu koyo suka fi yin asara. Wata atamfar tana zuba, wata tana tsukewa bayan wankin farko, kuma ja guda ɗaya mai zuba ya isa ya ɓata aikin wata biyu. Ki jiƙa kowane launi daban, ki duba ruwan. Ƙyallen da ya rina ruwan, ki ajiye shi gefe. Sannan atamfa ta zauna da 'yar'uwarta atamfa. Shadda ta fi ta tauri, leshi kuma ramuka gare shi, in kika haɗa su ɗinkin zai yamutse.

Ki yanki kwali mai inci 5 ta kowane ɓangare, ki ɗora kan ƙyalle, ki zana da alli, ki yanka. Rabin inci a kowane gefe na ɗinki ne, kowane yanki zai koma inci 4 ke nan. Mayafin gado mai faɗin inci 60 da tsawon 80 zai ci yanki 300, don haka ki fara da rigar filo ko shimfiɗar jariri tukuna. Ki jera yankakkun ƙyallayen a kan tabarma, ki ja da baya ki kalla: mai duhu kusa da mai haske, mai manyan furanni kusa da mai ƙanana. Atamfa launi ne da ita da yawa, sai ki sa farin yadi ko baƙi jefi-jefi don ido ya huta.

Ki haɗa su layi-layi, kina goge kowane layi da dutsen guga kafin ki haɗa shi da na gaba. Don bayan bargon, tsohon zani mai laushi ya wadatar. Ki fara ɗinkin haɗawa daga tsakiya zuwa baki, tazarar layi kamar yatsu uku.

In ƙyallayenki sun gaza, ki leƙa wajen teloli a babbar kasuwar Jimeta bayan sallah da kwana biyu. Lokacin ƙasan kekunansu cike yake, wani zai sayar miki da arha, wani ma ya ce ki kwashe.