Ciwon Sukari Mai Kama Yara

Mutane da yawa a Kazaure, Roni, Gwiwa da Babura suna tsammani ciwon sukari na tsofaffi ne kaɗai. Akwai irin da ke kama yara da matasa, kuma ba shan rake ko alewa ke kawo shi ba.

A bayan tumbi akwai wata halitta, fankiriyas, mai yin sinadarin insulin. Shi ne ke shigar da sukarin tuwon da muka ci cikin tsoka. Aikin garkuwar jiki shi ne yaƙar ƙwayoyin cuta, amma a wannan ciwo sai ta juya ta hallaka ƙwayoyin da ke yin insulin. Gado yana da hannu a ciki. Ba sammu ba ne, kuma ba a ɗaukarsa daga wani.

Alamominsa su ne yawan fitsari, ƙishirwa, rama da kasala. Kafin Banting da Best su samo insulin a Toronto, Kanada, a 1921, yaran da ya kama ba sa daɗewa. Yanzu allurar insulin ta kullum tana riƙe rai.

'Yan'uwana ɗalibai, in kun ga waɗannan alamu ga ƙanenku, ku gaya wa iyaye su kai shi Babban Asibitin Kazaure a gwada jininsa ran nan.