Tattakin Galahanga: Yadda Zai Amfani Yaran Bodinga Da Shagari

Ranar 2 ga Afrilu ce Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware tun 2007 domin wayar da kai kan lalurar galahanga, wadda likitoci ke kira otizim, aka kuma fara bikinta a 2008. A manyan birane mutane kan sa shuɗiyar riga su yi tattaki, su tara gudummawa. Matasan Bodinga da Shagari a Jihar Sakkwato ma za su iya yin nasu, amma su san cewa ba yawan mahalarta ne ma'aunin nasara ba. Ma'aunin shi ne yara nawa aka fito da su daga ƙuryar ɗaki aka kai gaban likita bayan an watse.

Kafin ka sa takalmi, ka san abin da za ka faɗa, domin a hanya wani dattijo zai tare ka ya ce, "Samari, me ake yi?" Amsar a taƙaice: galahanga bambanci ne a yadda ƙwaƙwalwar yaro ke girma, kuma alamunta kan bayyana kafin shekara 3. Ana kiran sunan yaro ba ya waiwayowa, ba ya haɗa ido, ba ya nuni da yatsa, magana ta yi masa jinkiri, yana maimaita motsi ɗaya, yana toshe kunne in ya ji ƙara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa kusan yaro 1 cikin 100 na da ita, kuma an fi ganinta ga maza. Ba sammu ba ce, ba ɗan ruwa ba ne, ba laifin uwa ba ne. Idan aka kawo zancen allurar rigakafi, ka faɗa kai tsaye cewa ba ita ke jawo ta ba. Rahoton da ya yaɗa wannan zargi a Ingila a 1998, mujallar da ta buga shi da kanta ta janye shi a 2010.

Sai neman izini. A fara da fadar hakimi, a je wa shugaban ƙaramar hukuma da babban jami'in 'yan sanda da takarda mai ɗauke da rana, lokaci da hanyar da za a bi. A roƙi limaman Juma'a su yi sanarwa mako guda kafin ranar. Kalma ɗaya daga mumbari ta fi fosta ɗari. A gayyaci 'yan agaji da ma'aikatan asibitin garin su raka ayari.

Hanya ta zama gajera, kilomita 2 ko 3 a cikin gari. Kada a yi gigin haɗa Bodinga da Shagari a ƙafa ta babban titin Sakkwato zuwa Jega, inda tireloli ke gudu. Kowane gari ya yi nasa: daga ƙofar fada, a ratsa ta kasuwa, a ƙare a wata firamare mai inuwa. Mutanen Sifawa, Danchadi da Dingyadi su haɗu a Bodinga, na Kajiji su shigo Shagari. Zafin Afrilu a nan yakan haura digiri 40, don haka a tashi da ƙarfe 7 na safe, a gama kafin 9. Kowa ya zo da ruwa da hula, a tanadi Keke Napep ɗaya a bayan ayari domin wanda ya gaji.

Abin da aka fi yin kuskure a kai shi ne yaran kansu. Ganga, kakaki da lasifika suna tara jama'a, amma ga yaro mai galahanga azaba ne. A bar masu lasifika can gaba, iyalai su biyo baya nesa da ƙara. Ba dole ne yaro ya fito ba. In iyayensa sun kawo shi, babba ɗaya ya riƙe hannunsa har a tashi, a ɗinka lambar wayar uba a cikin rigarsa, domin wasu kan sulale cikin taro. In ya fara kuka ko birgima, kada a yi masa zobe, kada a daka masa tsawa. A ja shi wuri mai shiru. Kada kuma ka ɗauki hotonsa ka sa a Facebook sai da yardar iyayensa.

Uwaye su ne ke ɗauke da nauyin nan dare da rana, kuma da yawansu ba za su fito titi ba. A shirya musu zama na daban a wata Islamiyya da yammacin ranar, ma'aikaciyar lafiya ta saurare su.

Kuɗi kuwa, a bayyana abin da za a yi da su tun kafin a karɓi ko sisi. Mutum uku su riƙe asusu, a rubuta kowace gudummawa, a karanta lissafi a bainar jama'a. Riguna da lemo kada su cinye abin da aka tara. Mafi amfani shi ne kuɗin mota da na kati zuwa sashen yara na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ko Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware. A nemi a fara gwada jin yaro, domin kurumta kan yi kama da galahanga. A kuma gargaɗi iyaye kan masu tallar maganin warkewa: babu ƙwayar da ke kawar da ita. Koyar da magana da horo cikin haƙuri su ke taimakawa, farfaɗiyar da kan zo tare da ita ga wasu kuwa tana da magani. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kafin a watse, a rubuta sunayen iyalan da suka amince, a sa ranar tafiya asibiti cikin mako biyu, a kuma wakilta mutum biyu su zauna da shugabannin firamare kan karɓar yaran a aji. Dokar hana wariya ga masu buƙata ta musamman da aka sa wa hannu a Janairun 2019 tana bayan yaran.