HANYOYIN HANA TSUNTSAYE ZAMA A GAREJI DA SITO

Da yawa daga gidajen ma'aikata da na 'yan kasuwa a biranen ƙasar nan, daga Sakkwato har Fatakwal, suna da gareji, amma kaɗan ne waɗanda mota kaɗai ke kwana a cikinsu. Akan tarar da buhunan masara ko shinkafa a kusurwa, da dusar kaji, da janareto, da jarkokin mai, wani lokaci har da tabarmar mai gadi. Wuri irin wannan kuwa, mai inuwa da abinci da rufin da ruwan sama ba ya ratsawa, shi ne ainihin abin da tattabara da kurciya da gwara da tsattsewa suke nema domin yin sheƙa. Sau da yawa mai gida ba ya kula, sai ranar da ya ga kashi ya rufe gilashin motarsa.

Ɓarnar da suke yi

Tsuntsu ba ya yin fitsari dabam kamar dabba. Farin nan da ake gani a cikin kashinsa shi ne fitsarinsa, yana kuwa ɗauke da wani sinadari mai tsami da masana ke kira yurik asid. Idan ya bushe a jikin mota, musamman lokacin bazara, yakan bar tabon da wanki ba ya fitarwa, sai mai fenti. Ciyawa da tsummokin da ake haɗa sheƙa da su kuma busassu ne ƙwarai, tsuntsu kuwa bai san bambancin rafta da bayan ƙwan lantarki ba. Sheƙa a kan wayar da ta tsufa, a ɗakin da aka ajiye fetur, gobara ce ke jiran ranarta. Har wa yau ƙuma takan sauko daga sheƙa ta addabi mutanen gida, maciji kuma yakan biyo ƙwai.

Abin da ya fi waɗannan duka muhimmanci shi ne lafiyar jama'a. A cikin tsohon kashin tattabara da ya taru akwai wata irin funfuna wadda ido ba ya gani. Sa'ad da aka share kashin a bushe, sai ta tashi tare da ƙura, mutum ya shaƙa. Mai cikakkiyar lafiya ba safai take kayar da shi ba, amma wanda ƙarfin jikinsa ya raunana, kamar mai ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau, takan haddasa masa wani irin sanƙarau mai tsanani wanda likitoci ke kira kiriftokokal. Saboda haka bai kamata a sa majinyaci ko ƙaramin yaro sharar irin wannan wuri ba, ko da yake a gidaje da yawa yara ne ake turawa.

Masu kiwon kaji suna da wani dalilin na daban. A watan Fabrairu na 2006 aka tabbatar da ɓullar murar tsuntsaye nau'in H5N1 a wata gonar kaji kusa da Jaji, cikin Jihar Kaduna, watau karo na farko ke nan a nahiyar Afirka. A farkon 2007 cutar ta kashe wata mace a Legas, a watan Janairu na 2015 kuma ta sake ɓulla a Kano da Legas. Gaskiya ne tsuntsayen ruwa, irin su agwagin daji, su suka fi ɗauke da ita, ba tattabaru ba. Duk da haka, tsuntsun da ke zirga-zirga tsakanin gonar wani da buhun abincin kajin wani yana iya kwaso ƙazanta a ƙafarsa.

Abin da ba ya magani

Mutane da yawa sukan fara da tsoratarwa: su rataya tsohon faifan CD ko zaren kaset, ko su kafa mutum-mutumi. Wannan yakan yi aiki kwana kaɗan, sa'an nan tsuntsayen su gane ba kome, har a iske tattabara zaune bisa kan mutum-mutumin. Gwafa da harbi ba sa ƙarar da su, gama tattabara tana yin ƙwai 2, ta kwanta kansu kamar kwana 18, 'ya'yan su tashi cikin wajen wata guda, ta kuma sake yin wasu sau da dama a shekara. In an kashe biyu, muddin ƙofa na nan a buɗe, wasu biyun za su gaji wurin.

Guba ita ce mafi munin dabara. Wanda ya jiƙa hatsi da maganin ƙwari ya watsa, ba shi da ikon zaɓar wanda zai ci. Kazar gida za ta ci, kyanwa za ta ci gawar tsuntsun, yaro kuma yana iya tsintar kurciyar da ta faɗi ya gasa. Gamalin 20 da aka saba da shi a dā yana ɗauke da sinadarin lindan, wanda Yarjejeniyar Stockholm ta sa cikin jerin waɗanda za a daina amfani da su tun 2009. Duk wanda ke da ragowarsa, kada ya kusantar da shi wurin ajiyar abinci.

Rufe hanya da raga

Maganin gaskiya shi ne a hana tsuntsu abinci, a hana shi mazauni, a kuma rufe masa hanya. Hatsi da dusa a zuba su cikin duro ko garwa mai murfi, a share abin da ya zube tun kafin magariba, a gyara famfon da ke ɗiga.

Bayan haka sai mai gida ya shiga garejin da tsakar rana, ya rufe ƙofa, ya kashe fitila, ya duba sama. Duk inda haske ya shigo, hanya ce. Mafi yawa akan same ta tsakanin kan bango da kwanon rufi, da cikin bulo mai huji da magina ke sawa don iska, da ƙarƙashin ƙofar ƙarfe, da inda silin ya ɓalle. A sa kafinta ya buga ragar waya a waɗannan wurare. Girman idon ragar shi ne abin lura: mai santimita 5 tana hana tattabara, amma gwara sai wadda idonta bai kai santimita 2 ba, don haka ya fi kyau a sayi ƙaramar tun farko. A garuruwan bakin teku kamar Legas da Kalaba, inda iska mai gishiri ke saurin cin ƙarfe, ragar da aka yi wa rufin tutiya ko ta roba mai kauri ita ce mai ƙarko. Inda rafta take a fili, a ja raga a ƙarƙashinta daga bango zuwa bango. Kan ginshiƙi da bakin taga kuwa, a buga katako ko a shafa siminti a karkace, gangaren ya kai digiri 45 ko fiye, yadda tsuntsu ba zai sami wurin tsayawa ba. Makanikai da masu sito waɗanda tilas ƙofarsu ta wuni a buɗe, suna iya rataya labulen faffaɗan yankunan roba masu nauyi, waɗanda mutum ke ratsawa amma tsuntsu ba ya iyawa.

A nan akwai gargaɗi mai nauyi. Raga aka ce, ba siminti ba. Wasu saboda haushin tsuntsaye sukan liƙe kafofin iska gaba ɗaya, alhali hayaƙin mota da na janareto suna ɗauke da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari, tana kuwa kashe mutum cikin barci. Kada a tayar da janareto a cikin gareji ko kaɗan, ko da ƙofa a buɗe take, kada kuma a bar mota tana aiki a ciki.

Lokacin aiki da yadda ake shara

Kafin a buga raga, a leƙa sheƙa. In akwai ƙwai ko 'ya'ya, a yi haƙuri 'yan makonni su tashi, domin rufe su a ciki zalunci ne, warin gawarsu kuma zai dami gidan. Tsuntsun da ya maƙale ba ya bukatar sanda: a rufe tagogi, a kashe fitila, a buɗe babbar ƙofa, da kansa zai bi haske ya fita. Mujiya ma, duk da abin da ake faɗa a kanta, ɓeraye take ci, mai sito kuwa ba shi da abokin gaba kamar ɓera. A fitar da ita, kada a kashe ta. In tattabarun na maƙwabci ne, magana da shi cikin ladabi ta fi jifa, in ta ƙi ci sai a kai wa mai unguwa.

Mai shara ya rufe hanci da baki da takunkumi, ya sa safar hannu. Ya fara yayyafa ruwa har kashin ya jiƙe sarai, sa'an nan ya kankare da shebur, kada ya taɓa shi da tsintsiya a bushe, balle lokacin hunturu da ƙura ke tashi. Ya wanke daɓen da ruwa kashi 9 haɗe da bilic kashi 1, ya yi wanka da sabulu, a wanke tufafin aikin dabam. Kashin da aka kwashe a binne shi cikin rami ya ruɓe, daga baya ya zama taki mai ƙarfi ga lambu.

Idan aka ga tsuntsaye ko kaji suna mutuwa da yawa ba dalili, kada a taɓa su da hannu, kada a yanka a ci, kada a kai kasuwa. A sanar da ofishin likitan dabbobi mafi kusa nan da nan, shi zai ɗauki samfuri ya aika Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, cikin Jihar Filato, domin a gwada.